A Dafa Wa Ƙananan Masu Bincike In Sun Ce A Gyara

Jama'a, duk wanda ya biyo Titin Zariya da sassafe ya iso Gyadi-Gyadi, lalle zai ga irin taron da ke kwarara cikin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ga mata da goyo, ga tsofaffi ana riƙe da hannunsu, ga waɗanda suka yi sammako daga Jigawa da Katsina, wani sa'i har da mutanen Nijar. In likita ya ce da mutum haɗiyi wannan ƙwaya, sai ya haɗiye. In ya ce miƙo hannu a ɗebi jini, sai ya miƙa. Galibinsu ba su san sunan maganin ba, balle su tambayi inda aka gwada shi. Sun dai yarda cewa wani ya gwada, wanda ya gwada ɗin kuwa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. Wannan yarda ita ce jarin asibiti, ita ce kuma jarin duk wani mai aikin kimiyya.

To, bayan ɗakunan duba marasa lafiya akwai waɗansu samari da 'yan mata da ba kasafai a ke lura da su ba. Akwai ƙananan likitoci masu neman ƙwarewa, da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, da ɗaliban Jami'ar Bayero masu neman digiri na biyu da na uku, da ƙananan malamai waɗanda ba su daɗe da fara koyarwa ba. Su ne ke yini gaban madubin likita, su ne ke bin unguwannin Tarauni gida gida da takardar tambayoyi, su ne ke haɗa lissafi in an dawo. A cikinsu ba a rasa wanda kan ɗaga kai ya ce, "Ranka ya daɗe, lissafin nan bai fita ba, a sake dubawa," ko kuwa, "Ba mu bayyana wa iyayen yaron nan abin da za mu yi ba tukuna." Irin wannan matashi shi ne abin maganarmu yau. Ra'ayinmu shi ne a dafa masa, a kare shi, a saka masa da ƙarin girma, domin amanar jama'a ya ke tsarewa. Mu Kanawa kuwa mun riga mun ɗanɗana abin da ke aukuwa in wannan amana ta zube.

Abin da ya faru cikin 1996

Cikin 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa. Fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, da yawansu yara ne. Ana cikin wannan hali sai kamfanin magani na Amurka mai suna Pfizer ya aiko da likitocinsa Kano don su gwada wani sabon magani da a ke kira Trovan. A asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda Kanawa suka fi sani da Asibitin Zana, aka yi gwajin, a jikin yara wajen 200. Rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani sananne. Yara 11 suka mutu, 5 daga waɗanda aka ba sabon, 6 daga ɗaya ɓangaren, waɗansu kuma suka tashi da kurumta, ko makanta, ko shanyewar gaɓa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi wannan ɓarna, ya ce kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da yawa kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji a ke yi.

Abin da ya jawo Gyadi-Gyadi cikin labarin nan takarda ce guda ɗaya tak. Ƙa'idar duniya ita ce ba a gwada magani a jikin ɗan Adam sai wani kwamiti na masana ya duba shirin, ya ba da izni a rubuce. Kamfanin ya nuna takardar izni mai ɗauke da sunan Asibitin Malam Aminu Kano da kwanan watan Maris 1996. Sa'ad da jaridar Washington Post ta Amurka ta tono maganar, tsakanin ƙarshen 2000 da farkon 2001, shugaban asibitin na lokacin, Farfesa Sadiq Wali, ya ce takardar ba ta gaskiya ba ce, don a lokacin da aka ce an rubuta ta asibitin ba shi da irin wannan kwamiti. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta naɗa cikin 2001 shi ma ya tarad da cewa bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka mai da kwanan wata baya. Gwamnatin Kano ta kai ƙara cikin 2007, aka yi sulhu cikin 2009 bisa dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai 2011 aka fara biyan iyalai, watau shekara 15 bayan an rufe 'ya'yansu.

Hasarar ba ta tsaya nan ba. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Cikin 2003 aka dakatad da rigakafin shan inna a Kano, aka kusa shekara ba a yi ba, sai watan Yuli 2004 aka koma. Dalilan da suka jawo haka suna da yawa, amma labarin Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Cutar ta sami sarari ta bazu, ta koma ƙasashe kusan 20 waɗanda a dā suka rabu da ita, har Yaman da Indunisiya. Sai watan Agusta 2020 aka iya shelar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Yaran da suka shanye a tsakani ba su san wani kamfani ba, ba su san wata takarda ba, amma su suka biya.

Bayan haka an yi gyara. Cikin 2007 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fito da dokokin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, yau kuwa manyan asibitocinmu suna da kwamitocin da ke duba shiri kafin a taɓa majiyyaci. Madalla da wannan. Amma doka tana cikin littafi ne, aikin kuwa ana yinsa a ɗaki, inda babu kowa sai babba da yaransa. In babu mai iya buɗe baki a wannan ɗaki, littafin ba zai yi magana ba. Ko cikin sha'anin Trovan akwai wani likitan kamfanin, Juan Walterspiel, wanda ya rubuta wa shugabanninsa yana kuka da yadda aka yi gwajin. Ba a daɗe ba aka sallame shi, ko da ya ke kamfanin ya ce ba don haka ba ne. To, in haka ta sami babban likita a Amurka, ƙaƙa ke nan ga ɗalibin da takardar digirinsa ke hannun wanda zai yi wa magana?

Ciwon da ke cikin aikin bincike

Kada mai karatu ya zaci sai an gwada magani a jikin yara sa'an nan bincike ke lalacewa. Akwai ƙananan cututtuka da ke cinsa kowace rana a hankali, kamar yadda gara ke cin azara.

Na fari shi ne ƙirga. A jami'o'inmu ba a ƙara wa malami girma sai ya kawo maƙaloli kaza da ya buga a mujallun ilmi. Manufar tana da kyau, amma da aka mai da hankali ga yawa sai kasuwa ta buɗe. Aka sami mujallun bogi waɗanda ba su duba kome, in dai ka biya an buga. Cikin 2013 wani marubuci mai ilmin kimiyya, John Bohannon, ya ƙaga maƙalar ƙarya game da maganin ciwon daji, ya cusa mata kurakurai waɗanda kowane masani zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Waɗansu masana biyu na ƙasar Finland kuma sun ƙiyasta cewa cikin 2014 kaɗai an buga maƙaloli wajen 420,000 a irin waɗannan mujallu, 'yan Nijeriya kuwa suna cikin waɗanda suka fi kai musu ciniki. Abin kunya ne, amma ranar wanka ba a ɓoye cibiya.

Na biyu shi ne sa suna. Yaro ya sha rana ya tara bayani, ya hana idonsa barci ya rubuta, sa'an nan a ce ya sa sunan wane da wane waɗanda ko karanta aikin ba su yi ba, wani sa'i ma nasa sunan ya koma ƙarshe. Na uku shi ne cike takarda a gindin bishiya. A aiki mutum ya tambayi magidanta 400 a Tarauni, ya tambayi 60, sauran ya zauna ya cike da hannunsa. Na huɗu shi ne ɓoye abin da bai fita yadda a ke so ba. In gwaji ya nuna magani yana aiki a buga, in ya nuna ba ya aiki a jefa cikin kabad, har wani ya zo ya sake ɓata kuɗi da lokaci bisa abin da aka riga aka sani. Na biyar shi ne sayen kundi. Duk garin da ke da jami'a an san akwai masu sayad da kundin bincike da aka riga aka gama, sai dai a canza suna da shekara.

Ba mu kaɗai ke fama ba. Cikin 2015 masana wajen 270 suka haɗu suka maimaita gwaje-gwaje 100 na ilmin halayyar ɗan Adam waɗanda aka buga a manyan mujallun Amurka. Waɗanda suka sake fita yadda aka ce ba su kai rabi ba. Bambancin kawai shi ne can sun fara magani, mu kuwa kuɗin bincikenmu kaɗan ne, ba mu da rarar da za mu zubar a kan ƙarya.

Don me muka ce yara?

Domin su ke taɓa aikin da hannunsu. Shaihin malami yana da taro, yana da tafiya, yana da ɗalibai ashirin. Abin da ke isa teburinsa shi ne jimla. Wanda ya san cewa firjin ajiye jini ya kwana babu wuta, ko ya san takardu 40 rubutun hannu ɗaya ne, shi ne ƙaramin da ke ɗakin.

Ga misali. A Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan akwai wani shahararren shaihin malami, Diederik Stapel, wanda ya yi shekaru yana ƙaga alƙaluma daga kansa, yana ba ɗalibansa su rubuta digiri da su. Manyan mujallu sun buga, manyan malamai sun yaba. Cikin 2011 waɗansu ƙananan masu bincike guda 3 suka lura lissafinsa ya cika kyau fiye da kima, suka yi watanni suna tara shaida a ɓoye, sa'an nan suka kai wa shugaban sashe. Shugaban ya saurare su. Aka bincika, aka sallami malamin, aka soke maƙalolinsa fiye da 50. Da shugaban nan ya kore su da tsawa, Allah kaɗai ya san ranar da asirin zai tonu.

Ga wani kuma wanda babu ƙarya a ciki, kuskure ne kawai. Cikin 2010 waɗansu manyan masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka buga maƙala cewa in bashin ƙasa ya wuce kashi 90 cikin 100 na abin da ta ke samarwa a shekara, arzikinta kan daina bunƙasa yadda ya kamata. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da ita wajen rage kuɗin da a ke kashe wa talakawa. Daga baya wani ɗalibi mai suna Thomas Herndon, a Jami'ar Massachusetts, aka ba shi aikin aji ya maimaita lissafin. Ya yi ya yi bai fita ba. Malamansa biyu ba su ce masa wane ne kai ba, sai suka ce ya sake, ya sake, daga nan suka ƙarfafa shi ya rubuta wa masu maƙalar. Su kuwa suka aiko masa da takardar lissafinsu. Da ya duba sai ya ga an tsallake ƙasashe 5 wajen haɗa jimla. Masu maƙalar suka amsa wannan kuskure, ko da ya ke sun ce asalin ra'ayinsu yana nan. Abin lura a nan shi ne halin manyan: malamansa sun tsaya masa har suka sa hannu tare da shi, waɗanda aka gyara wa kuma ba su ɓoye littafinsu ba.

A nan gida ma muna da abin nunawa. Likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala, da 'yan'uwansu na Kaduna, tare da na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi gwaji a kan yara 220 masu amosanin jini waɗanda awo ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. An raba su biyu, waɗansu aka ba su maganin hydroxyurea kaɗan, waɗansu aka ninka musu. Zaton masu binciken shi ne ninkin zai fi hana shanyewar. Da aka ƙirga sai ba a ga bambanci ba, kuma haka suka buga cikin 2022. Wannan gaskiya ta amfani talaka, don an gane ko ɗan kaɗan ɗin, mai sauƙin kuɗi, yana kare yaro. Ashe a garin da aka yi gwajin 1996 ana iya yin aiki mai tsabta wanda duniya za ta karanta.

Masu cewa rashin ladabi ne

Mun san abin da waɗansu dattawa za su ce. Za su ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Za su ce in aka buɗe wannan ƙofa, kowane ɗalibin da ya faɗi jarrabawa zai tashi ya ƙaga wa malaminsa sharri. Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa za mu raina ta ba. Girmama malami yana cikin abin da ya riƙe ilmi a ƙasar nan tun zamanin zaure, ba ma son ya zube. Sharri kuma akwai shi, shi ya sa za mu ce a binciki kowace ƙara da adalci kafin a taɓa mutuncin kowa.

Amma fa mu tuna, karin maganar tana zancen hange ne, watau sanin duniya da gogewa. Ba ta ce in yaro ya ƙirga buhu 9 ya rubuta 10 don babba ya ce 10 ne ba. Addininmu ma bai koya mana haka ba. Sayyidina Umar ya kan zaunad da Abdullahi ɗan Abbas cikin majalisar dattawan Badar yana saurayi, har waɗansu suka yi ƙorafi cewa suna da 'ya'ya sa'anninsa. Sai ya yi musu tambaya game da wata sura, saurayin ya ba da amsar da ta nuna dalilin zamansa. Malaman hadisi kuwa ba su bar kowa ba don girman rawaninsa. Su kan bincika shekarar haihuwar mai ruwaya da shekarar rasuwar wanda ya ce ya ji daga bakinsa, in kwanakin ba su haɗu ba su ajiye ruwayar. Wannan tsanani nasu shi ya sa mu ke da littattafan da mu ke dogara da su yau.

Tarihinmu na kusa ma shaida ne. Cikin watan Agusta 1950 wani malamin makaranta daga Bauchi, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, bai kai shekara 40 ba, ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya nemi a binciki yadda a ke tafiyad da mulkin En'e, a gyara shi. A ranar waɗansu sun ɗauka cin fuska ne ga sarakuna. Amma aka yi binciken, aka yi sabuwar dokar En'e cikin 1954, shi kuwa ya zama Firayim Ministan Nijeriya na fari. Asibitin nan na Titin Zariya da aka kafa cikin 1988, sunan wa aka sa masa? Sunan wani malamin makaranta ne wanda tun yana saurayi ya ƙi yin shiru. Ba ya kyautu mu rubuta sunan Malam Aminu Kano a ƙofa, sa'an nan mu murƙushe masu halinsa a ciki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya kamata a yi

Na ɗaya, kariya. Kowace jami'a da kowane asibitin koyarwa su tanadi ofis wanda ba ya ƙarƙashin sashen da a ke ƙara, inda ƙaramin ma'aikaci zai kai kuka a asirce. A rubuta cikin doka cewa wanda ya kai ƙara da kyakkyawar niyya ba za a riƙe masa digiri ba, ba za a hana shi ƙarin girma ba, in kuwa zama da malaminsa ya gagara a sake masa wani. Wanda aka tabbatar ya yi ƙage shi ma a hukunta shi.

Na biyu, a gyara mudun awo. Tun cikin 2012 waɗansu masana da editocin mujallu suka taru a birnin San Francisco suka yi shela cewa a riƙa auna mai bincike da abin da aikinsa ya ƙunsa, a daina dogara ga sunan mujallar da ta buga shi. Jami'o'i da yawa a duniya sun sa hannu. Majalisun jami'o'inmu su dubi wannan. Mai neman ƙarin girma ya kawo aikinsa mafi kyau guda 3 ko 5, a karanta su da gaske. A ba da maki ga wanda ya maimaita aikin wani don a tabbatar, da wanda ya buga gwajin da bai fita yadda aka zata ba, da wanda ya ajiye alƙalumansa inda kowa zai iya dubawa, da wanda ya koya wa na ƙasa da shi. Muddin lada na wajen mai yawan takarda, yaro mai gaskiya zai ga sa'o'insa sun wuce shi, wata rana kuwa ya gaji.

Na uku, kuɗi. Hukumar TETFund, wadda aka kafa da dokar 2011, tana ba manyan makarantu kuɗin bincike. A keɓe wani kashi wanda ƙaramin mai bincike zai nema da sunansa, ya riƙe da kansa, ya ba da lissafi da kansa. Abin da irin waɗannan matasa ke bukata sau da yawa ba shi da yawa: ɗakin taro, da wuta, da intanet, da ɗan abin shayi. A Jami'ar Oxford ta Ingila, cikin 2018, ɗalibai ne suka fara zama suna shan shayi suna karanta maƙala guda suna tone kurakuranta, yanzu irin wannan zama ya bazu jami'o'i da yawa a duniya. Ba abin da zai hana a yi shi a Gyadi-Gyadi kowace Laraba. Attajiranmu na Kantin Kwari da Dawanau, waɗanda ba su gajiya da gina masallatai da rijiyoyi, su sani ɗaukar nauyin mai binciken sanƙarau ko amosanin jini shi ma sadaka ce mai gudana.

Na huɗu, kujera. A sa ƙananan masu bincike cikin kwamitocin ɗa'a da na ƙarin girma, da cikakken ikon magana. Tun 2010 akwai ƙungiyar matasan masana ta ƙasa, Nigerian Young Academy, wadda aka kafa da goyon bayan manyan masanan kimiyya na Nijeriya. Matasanmu na Arewa su nemi shiga, shugabanninsu su rubuta musu takardar shaida, su ba su izni in taro ya tashi.

Na biyar, harshe. Takardar neman yardar majiyyaci a rubuta ta da Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, a karanta wa wanda bai iya karatu ba gaban shaida, a kuma gaya masa yana da ikon ƙi ba tare da an hana shi magani ba. In an gama bincike a koma unguwar da aka yi shi, gaban mai unguwa da limami, a faɗa wa mutane abin da aka samu. Matashin da ya nace sai an yi haka kada a ce yana ɓata lokaci.

Rabonku, malamai da akawuna

Wataƙila malamin firamare a Tarauni ya ce ina ruwansa da maganar jami'a. Malam, a ajinka abin ya ke farawa. Yaron da ka bari ya kwafi aikin ɗan'uwansa a aji huɗu, shi ne zai sayi kundi a jami'a. In kun yi gwaji a aji bai fita yadda littafi ya ce ba, kada ka sa yara su rubuta amsar littafi. Sa su rubuta abin da suka gani, sa'an nan ku nemi dalili tare. In yaro ya nuna maka kuskure a allo, ka gode masa gaban 'yan'uwansa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Kai kuwa akawu, da kai magatakarda, ku tuna duk wannan dogon labari na 1996 ya rataya ne ga kwanan wata a kan takarda guda. Rajistar shigar wasiƙu da fitarsu, da hatimi, da lambar fayil, su ne shaidun da ba su mantuwa. In an ce ka mai da kwana baya, ka ba da haƙuri ka ƙi. In fayil ɗin wani ƙaramin ma'aikaci ya kwanta a teburinka don an ce a ja masa rai saboda ya yi magana, ka sani kai ma an sa ka cikin zalunci, ka tura shi gaba.

Ku kuma matasa, muna da gargaɗi gare ku. Ku fara da kanku, littafinku ya zama a buɗe kafin ku ce a buɗe na wani. Ku tabbatar kafin ku yi magana, ku ƙirga sau uku. Ku sami malaminku a keɓe da ladabi tukuna, don sau da yawa kuskure ne, ba ha'inci ba, mutum kuwa ya fi karɓar gyara in ba a tara masa jama'a ba. Kada ku kai maganar da ba ku tabbatar ba dandalin Facebook. Ku haɗa kai, ku nemi dattawan kirki su shige muku gaba, suna nan da yawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sanƙarau bai tafi ba, ya kan leƙo in zafi ya yi, wata annobar ma tana iya zuwa. Ranar da ta zo, likita zai sake tsayawa gaban uwa a Gyadi-Gyadi ya ce ta miƙo ɗanta. Ko ta miƙa ko ta noƙe, ya danganta ga yadda muka riƙe masu gaskiya a cikinmu tun yanzu. Allah ya ba manyanmu haƙurin sauraro, ya ba matasanmu ladabi da ƙarfin zuciya, ya ji ƙan yaran da suka riga mu, amin.